Furobayotik da garkuwar jikin kaji: yana kare hanji da gaske?

Hajiya Rabi: Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Akwai abin da ya daɗe yana ɗaure min kai. Kusan duk ledar furobayotik, wato bakteriya mai amfani da ake ba kaji a ruwa ko abinci, da mutum zai ɗauka, an rubuta a jikinta cewa yana ƙara garkuwar jiki kuma yana tsayar da zawo. To ta yaya bakteriyar da aka zuba wa kaza a ruwa za ta taya ta yaƙi da wata bakteriyar? Sannan idan kaji sun riga sun kamu, suna zawo suna mutuwa, zai iya tsayawa a madadin antibayotik? Don Allah masana a warware mana.

Baba Isiyaku: Wa alaikumus salam Hajiya. Ni ra'ayina ba a ɓoye yake ba. Na ba kajina, na daina, ban ga wani bambanci da zan iya nuna wa mutum da yatsa ba. Abin da na sani yana tsare burola shi ne busasshiyar shimfiɗa, iska mai shiga da fita, da rashin cunkoso. In ciwo ya shigo kuma, magani ake nema.

Dakta Bashir: Hajiya, tambayoyi biyu kika haɗa, bari in fara da ta biyun don ita ce mai haɗari. A'a, ba ya maye gurbin magani. Kajin da suka riga suka kwanta suna mutuwa, a kira likita, a feɗe gawa, a gano cutar, a ba da maganin da ya dace. Duk wanda ya tsaya jiran furobayotik a wannan hali zai yi ta kwasar gawa ne.

Ta farkon kuwa, sai mun koma ranar ƙyanƙyasa. Tsakon da uwarsa ta ƙyanƙyashe yana fitowa ne ya tarar da ita. Yana tsattsagar ƙasa inda take tsattsaga, har kashinta yana caka, kuma ta nan ɗaruruwan nau'o'in bakteriyar hanjin babbar kaza suke shiga cikinsa tun a kwanakin farko. Tsakon injin ƙyanƙyasa bai taɓa ganin uwa ba. An tsaftace ƙwan, an yi wa injin feshi, bayan kwana 21 ya fito aka zuba shi a kwali. Hanjinsa kamar gonar da aka share ce ba a shuka komai ba, duk irin da ya riga faɗawa shi zai mamaye ta. Idan Salmonela, wata bakteriya mai jawo cuta, ce ta riga, 'yan ƙwayoyi kaɗan sun isa su kafu, alhali babbar kaza sai an ɗura mata ninkin-ba-ninkin hakan kafin ta kamu.

Wani masani a ƙasar Finlan, Esko Nurmi, shi ya fito da wannan fili. Salmonela ta ɓarke a gidajen burolar ƙasarsu a 1971. Shi da abokiyar aikinsa Rantala suka ɗebi abin da ke cikin hanjin manyan kaji masu lafiya, suka ba 'yan tsakin da ba su daɗe da fitowa ba, sannan suka ba su Salmonela. Waɗanda aka fara ba wa abin hanjin sai cutar ta kasa samun wurin zama a cikinsu. Sun buga sakamakon a 1973, kuma daga nan harkar ta samo tushe a kiwon kaji. Ku lura da jerin: bakteriya mai amfani ce ta riga shiga, cuta ta biyo baya.

Auwal: Dakta Allah ya ƙara basira. Amma wannan ai rigegeniyar wuri ce tsakanin bakteriya da bakteriya. Ina garkuwar jikin ta shigo?

Zainab: Dakta, a ba ni izini in ɗan sa baki, fannin da nake karanta ke nan. Yaya Auwal, gaskiyarka, kashi na farko na aikin ba ruwansa da garkuwa. Masu amfanin suna manne wa bangon hanji su tare gurbi, su cinye abincin da mai cutar za ta ci. Masu amfani irin su Laktobasilas suna fitar da tsami, wasu kuma da ke zaune a wasu jakunkuna biyu da ke ƙarshen hanji suna samar da wani sinadari, butiret, wanda ƙwayoyin bangon hanjin kaza suke ci su yi ƙarfi. Salmonela ba ta jin daɗin wuri mai tsami. Wasu nau'o'in ma suna fitar da gubar da ke kashe bakteriya 'yar uwarsu.

Kashi na biyu shi ne garkuwa. Kaza ba ta da irin kaluluwar nan da ke jikin mutum ko akuya, don haka babban rabo na garkuwarta a bangon hanji yake zaune. A daidai bakin jakunkunan nan biyu akwai wasu 'yan kumbura-kumbura, in ka feɗe kaza ka duba da kyau za ka gan su, cike suke da fararen ƙwayoyin jini. Duk abin da ya wuce ta hanji suna ɗanɗana shi su tantance. An yi kiwon kaji a ɗakin gwaji ba tare da bakteriya ko ɗaya a cikinsu ba, sai aka tarar waɗannan wuraren ba su girma yadda ya kamata ba, kuma sinadarin kariyar hanji da ake kira IgA ya yi ƙaranci sosai. Ma'ana garkuwar hanji ba ta nuna sai ta haɗu da bakteriya. Shi IgA ɗin ana zubo shi ne cikin yauƙin da ya lulluɓe bangon hanji, ya kama bakteriyar cuta ya hana ta mannewa, sai ta fita da kashi. Gwaje-gwaje da dama sun nuna wasu nau'o'in furobayotik suna ƙara yawansa, suna sa yauƙin ya yi kauri, suna kuma ƙara ɗinke tsakanin ƙwayoyin bango don kada cuta ta kutsa ta shiga jini.

Baba Isiyaku: 'Yata, bayaninki ya fita. Amma na taɓa jin wani likita yana cewa furobayotik yana rage kumburin hanji. Kumburi ai shi ne faɗan da jiki yake yi da cuta. To wanne ne, yana ƙara faɗan ko yana rage shi? Ba a haɗa gudu da susar gindi.

Dakta Bashir: Baba, wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a zancen nan, kuma dalilinta ne ba na son rubutun da ke jikin ledojin. Garkuwar jiki ba abu ɗaya ba ce da za a ce ta hau ko ta sauka. Sassa ne da yawa, kuma ba kowanne ake so ya tashi ba.

Idan Salmonela ta taɓa bangon hanji, jiki yana aika saƙon gaggawa. Wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira heterofil, waɗanda su ne na sahun gaba a jikin tsuntsu, sai su yi dafifi a wurin. Bango ya kumbura, ruwa ya tsattsafo cikin hanji, kaza ta takure ta rage ci. Faɗan yana da amfani, amma kazar ce take biya. Abincin da ya kamata ya zama tsoka ya tafi wajen yaƙi, kuma hanjin da ya kumbura ba ya tsotsar abinci sosai. Shi ya sa za ka ga burolar da ba ta mutu ba, ba ta ma kwanta ba, amma ta ƙi girma, tana ci kamar sauran.

Abin da ake nema daga furobayotik mai kyau shi ne ya ƙarfafa katangar, wato yauƙi da IgA da ɗinkin bango, ya kuma sa heterofil su kasance a shirye, ta yadda ƙwayoyin cuta kaɗan ne za su kai inda za a tayar da babban faɗa. A wasu gwaje-gwajen da aka ba 'yan tsaki Laktobasilas kafin a ba su Salmonela, an ga Salmonelar ta ragu a hanji kuma saƙonnin kumburi su ma sun ragu. Babu karo a nan. Cuta ta yi kaɗan, don haka jiki bai buƙaci ihu mai yawa ba. Amma a wasu nau'o'in an ga akasin haka, saƙonnin sun ƙaru. Kowane nau'i da halinsa, kuma sakamakon da aka samu da ɗaya ba hujja ba ce ga wani ko da sunansu na farko ɗaya ne.

Hajiya Rabi: Yanzu na fara ganewa. Ke nan tun ranar da tsaki suka iso ya kamata a fara, ba sai an ga zawo ba.

Dakta Bashir: Haka ne Hajiya. Ruwan farko da za su sha ya fi kowanne daraja. Wasu wuraren ƙyanƙyasa ma fesa musu ake yi a cikin kwali, suna gyara gashinsu suna haɗiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Auwal: To ni wata dabara ta zo min. Tunda abin hanjin babbar kaza shi mutumin Finlan ya ba su, me zai hana in ɗebi kashin manyan kajina masu lafiya in dama a ruwa in ba tsaki? Ga shi a hannu.

Dakta Bashir: Auwal, kada ka kuskura. Ina roƙonka. Kazar da kake gani lafiya lau tana iya ɗauke da Salmonela ba ta nuna komai. Kashinta yana iya ƙunsar ƙwan koksidiya, ƙwan tsutsa, da ƙwayoyin bairos. Za ka ɗauki duk cutar tsohon garke ka ɗura wa tsako mai kwana ɗaya da hannunka. Kamfanonin da suke yin irin wannan haɗin daga hanjin kaza, daga garken da aka killace ake kuma yi wa gwaji a kai a kai suke samo shi, sannan a sake tantance abin kafin ya fita.

Auwal: Na ji Dakta, na bar maganar. Amma ga wata. Kashin jini fa? Shi ne ya fi addabar mu.

Dakta Bashir: Kashin jini a ƙananan kaji mafi yawanci koksidiya ce, kuma ita ba bakteriya ba ce. Wata ƙaramar halitta ce daban mai shiga cikin ƙwayoyin bangon hanji ta hayayyafa ta fasa su. Tana da nata maganin da nata rigakafin. Amma tambayarka ta kawo mu kan cutar da ta sa duniya ta waiwayi furobayotik da gaske, wato ruɓewar hanji.

Bakteriyar da ke jawo ta, Kilostiridiyam, tana cikin hanjin kaji masu lafiya ma, tana cikin ƙasa da shimfiɗa. Ba ta yin komai sai ta samu ƙofa. Koksidiya ce ta fi buɗe mata ƙofar: idan ta raunata bango, ruwan jiki mai furotin ya zubo cikin hanji, Kilostiridiyam ta samu abinci ta yi ta ninkuwa tana fitar da guba. Garin kifi mai yawa a abinci, ko alkama da sha'ir masu sa abin cikin hanji ya yi danƙo, su ma suna taimaka mata. A 2008 masu bincike a Ostareliya suka gano gubar da suka sa wa suna NetB, wadda ke huda ƙwayoyin bango. Ta fi kama burola daga mako na biyu zuwa na biyar. Wanda ya taɓa feɗe irin wannan gawar ba ya mantawa: ƙaramin hanji ya kumbura da iska, ya yi laushi har yana yagewa a hannu, ciki da ruwa mai duhu mai wari, bangon kuma ya lulluɓe da wani ɓawo mai kaushi, rawaya-rawaya ko kore-kore.

Shekaru da yawa ba a cika ganinta ba saboda ana zuba antibayotik kaɗan-kaɗan a abinci don saurin girma. Suwidin ta hana wannan a 1986, Tarayyar Turai baki ɗaya ta hana daga farkon 2006, saboda bakteriya suna koyon jure magani kuma abin yana dawowa kan mutane. Da aka janye, cutar ta ɗago kai, aka shiga neman abin da zai rage ta. Wasu nau'o'in Basilas, wata bakteriyar da ake yin furobayotik da ita, suna danne Kilostiridiyam kuma suna rage raunin hanji a gwaji. Amma wanda bai shawo kan koksidiya ba, ya bar shimfiɗa a jiƙe, ba Basilas ɗin da zai cece shi.

Baba Isiyaku: To ai ka dawo kan maganata ke nan, Dakta. Shimfiɗa.

Dakta Bashir: Na dawo kan rabinta, Baba. Shimfiɗa tana rage yawan cutar da kaza za ta haɗiya. Ba ta cika hanjin tsako da bakteriya mai amfani.

Alhaji Tanimu: Salamu alaikum. Na biyo zancen tun daga sama. Ni ta ɓangaren haɗa abinci zan yi magana, don ina ganin da yawa daga masu cewa bai yi musu aiki ba, mataccen abu suka ba kajinsu. Malam Isiyaku, ba da kai nake ba, amma ka duba.

Sharaɗin farko na furobayotik, kamar yadda hukumar abinci da ta lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya suka fayyace a 2001, shi ne ya kasance da rai kuma a ba da shi da yawan da ya isa. Injin da ke dunƙula abinci ya koma ƙwaya-ƙwaya yana aiki da tururi, zafin yana kaiwa digiri 80 ko fiye. Laktobasilas ba ya tsira a nan. Basilas yana tsira saboda yana naɗe kansa cikin wani ɓawo mai tauri, ya yi barci, sai ya isa hanji ya farka. Shi ya sa mafi yawan na cikin abinci Basilas ne, masu laushin kuma a ruwa ake ba da su. Na ruwan ma, in akwai kulorin, sinadarin tsaftace ruwa, a ciki, kashe su zai yi, aikinsa ke nan. In an dama aka bari rana ta dake shi a mazubi, ya tafi. In ledar ta daɗe a wuri mai zafi a buɗe, ta tafi.

Ni kafin in karɓi leda abu uku nake nema a jikinta: cikakken sunan bakteriyar har da lambar nau'inta, adadin masu rai a kowane giram, da ranar lalacewa. A abinci ana maganar ɗaruruwan miliyoyi zuwa biliyan ne a kilo ɗaya. Ledar da ta rubuta "bakteriya masu amfani" kawai ta yi shiru, ba na taɓa ta.

Hajiya Rabi: Alhaji, akwai waɗanda nake gani an haɗa antibayotik da furobayotik da bitamin duk a leda ɗaya. Su fa?

Alhaji Tanimu: Hajiya, maganin kashe bakteriya da bakteriya a mazubi ɗaya? Sai dai in nau'in yana jure maganin, kuma wannan ma abin tambaya ne.

Zainab: Abin tambaya ne babba, Baba Alhaji. Bakteriya suna iya miƙa wa juna halin jure magani a cikin hanji. Shi ya sa a Turai ba a amince da nau'in da ke ɗauke da irin juriyar da za ta iya tsallakawa zuwa wata bakteriyar ba. Furobayotik ɗin da ba ruwansa da antibayotik shi ne na yis, wato yisti, tunda shi ba bakteriya ba ne. In kaji suna kan magani, a bari su gama, sannan a bi da furobayotik, don maganin ya share masu amfanin tare da masu cutar, hanjin ya sake zama fili.

Dakta Bashir: Akwai kuma abin da ba mu taɓo ba. Furobayotik yana aiki ne da garkuwar da ya tarar. A saman dubura ta ciki akwai wata 'yar jaka mai zagaye, cikinta ninki-ninki, ana ce mata basa. A nan ƙwayoyin da ke ƙera sinadaran kariya suke nuna, har da masu yin IgA ɗin da Zainab ta ambata. Bruce Glick ne ya gano aikinta a Amurka a 1956, da aka lura kajin da aka cire wa ita suna ƙanana ba sa iya samar da sinadaran. Cutar Gumboro ita wannan jakar take ci. Tsakon da Gumboro ta lalata wa basa da wuri, ko wanda yake cin abinci mai gubar funfuna irin su afulatoksin, garkuwarsa a karye take, kuma duk furobayotik ɗin da za ka ba shi ba zai gina ta ba. Kariyar da ya gada daga uwa ta cikin gwaiduwa kuma tana raguwa a mako biyu zuwa uku na farko, dab da lokacin da ciwon hanji ya fi kamawa. Don haka rigakafin Gumboro a kan lokaci yana cikin maganar lafiyar hanji.

Auwal: Taifot ɗin kaji da farin zawon tsaki fa, ai su ma Salmonela ce?

Dakta Bashir: Ita ce, amma wasu nau'o'i ne da ba sa tsayawa a hanji. Suna shiga jini, su kama hanta da saifa, kuma suna iya bi ta ƙwai daga uwa zuwa tsako. Tsakon da ya fito daga ƙwai da cutar a jikinsa, an riga furobayotik shiga. Maganin wannan yana wurin iyayen kajin da wurin ƙyanƙyasa. Haka ma Kamfilobakta, wadda ba ta cika damun kaza ba amma tana sa mutane ciwon ciki ta hanyar naman da bai dahu ba: gwaje-gwajen furobayotik a kanta sun saɓa wa juna, wani ya ga ragi, wani bai ga komai ba.

Baba Isiyaku: Duk na ji. Amma har yanzu ina nan a kan cewa a ɗaki mai tsafta, da tsaki masu kyau, ba lallai ka ga komai ba.

Zainab: Baba, a nan bincike yana bayanka. Bambancin ya fi fitowa inda akwai matsi: cuta a kusa, zafi, doguwar tafiya kafin tsaki su ci su sha, ko bayan antibayotik. Inda komai ya daidaita, tazarar kan yi ƙanƙanta har ido ba zai kama ta ba. Sai dai ido ba ma'auni ba ne. Wani garke da wani garke ba a kwatanta su, don yanayi ya canza, tsakin ma ba ɗaya ba ne. In ana son gaskiya, a raba tsaki 'yan kwali ɗaya gida biyu a ɗaki ɗaya, abinci ɗaya, kowane ɓangare da mazubinsa. A ba ɗaya daga ruwan farko, a hana ɗaya. A riƙa auna abincin da kowanne ya ci, a auna nauyinsu duk mako, a rubuta mace-mace, a duba jiƙewar shimfiɗa a kowane gefe.

Alhaji Tanimu: A kuma sa katanga mai kyau a tsakani, a canza takalmi, in ba haka ba bakteriyar za ta tsallaka ɗaya gefen ta kashi, a ƙarshe duka biyun su zama an ba su.

Baba Isiyaku: Wannan zan iya yi, ina da sikeli. Garke mai zuwa zan raba. Alhaji, ɗauko min hoton jikin ledar da ta cika sharuɗɗan nan uku ka turo, in ga inda ake rubuta lambar nau'in. Dakta, ruwana akwai kulorin, yaya zan yi da shi ranar farko?

Dakta Bashir: Yadda kake yi ranar rigakafin ruwa, Baba. Ka tsayar da kulorin tun kwana ɗaya ko biyu kafin nan, ka wanke mazubai da ruwa zalla ba sabulu ba maganin feshi. In ba yadda za ka yi sai wannan ruwan, ka zuba garin madara marar kitse kimanin giram 2 a kowace lita, ka jira kamar minti 20 kafin ka dama furobayotik ɗin. Ka dama iya wanda za su shanye cikin awa biyu, in ya ƙare ka sake sabo.